Daɓen katako na buɗewa da hunturun ga, mi za mu yi?

Maman Ilham:
Salamu alaikum jama'a, don Allah shawara nike nema. Gidan da muka koma a Arkilla falon sama daɓen katako ne ba tayil ba, tun da hunturu ya shigo tsakanin katakan ke buɗewa har ƙura na shiga, wani wurin in an taka sai ya yi ƙara. Kullum yarinyata na mopin da ruwa da Omo amma sai ƙara dushewa yake. Maigida ya ce a kira kafinta ya cike tsagar, na ce bari in tambaya tukuna.

Kafintan Mabera:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kar a cike komai yanzu. Katako na shan danshi yana saki, iskar hunturu ce ta busar da shi ya tsuke, kuma nan Sakkwato bushewar ba ta ƙarewa da hunturu, zafin Maris da Afirilu ma sai ya ƙara. In damina ta zauna wajen Yuli zai kumbura ya koma da kansa, to in an cusa wani abu a tsagar ba ya da wurin buɗewa sai ya turo sama ya yi tudu, sannan ne za ku kashe kuɗi. Wanda bai rufe ba har watan Agusta shi za a gyara.
Mopin ɗin nan kuwa a daina shi, ruwa na bin tsagar ya kwanta ƙasa, Omo kuma na cinye banish. A share da tsintsiya mai laushi, a goge da tsumma da aka matse sosai.

Abu Sadik:
Gaskiyar kafinta. Kuma yashi shi ke karce shi fiye da komai, ku sa tabarma ko ɗan kafet bakin ƙofa, takalmi waje. Ƙafafun kujeru a liƙa musu tsumma mai kauri.

Hajiya Balki:
Ni gara nike ji maki tsoro 'yar'uwa. Ki ƙwanƙwasa gefen bango, in kin ji kamar ba komai ciki ko kin ga hanyar ƙasa tana hawa to ta shiga, sai a sa Solignum, maganin gara da ake shafa ma katako. Buta ma kar a riƙa alwala a kai.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, banish ɗin da ya dushe fa?

Kafintan Mabera:
A tabbatar tukuna katakon gaske ne, in laminet ne, wato kwaikwayon katako, ba a goge shi da sanfefa, lalacewa zai yi. In na gaske ne a goge a sake banish, amma a bari ƙura ta lafa don tana manne masa kafin ya bushe.