Me ya sa ake kulle na'urar HARPS cikin tanki?

Ɗalibin_Fiziks: Assalamu alaikum malamai. Na ga HARPS, na'urar tsefe hasken taurari zuwa launukansa don gano duniyoyin da ke zagaya su, wadda ke La Silla a Chile, ba a jikin madubin hangen nesa mai faɗin mita 3.6 take ba. Tana wani ɗaki daban, cikin tankin da aka zuƙe iskarsa. Ina amfanin wannan wahala? Ba a asarar haske a hanya?

Mai_Gilashi: Wa alaikumus salam. Ana asara mana, amma duba abin da ake farauta. Duniya mai zagaya tauraro tana ɗan jijjiga shi: Jupiter na motsa Rana da mita 12.5 a daƙiƙa, tamu duniyar santimita 9 kacal. Ana gane motsin ne daga gocewar wasu siraran layuka da ke cikin hasken da aka tsefe: motsin mita 1 a daƙiƙa kuwa, a fuskar kyamarar HARPS, gocewar nanomita 15 ce, kashi ɗaya cikin dubu na fiksel (ɗigon hoto) guda. In ka ɗaura na'urar a jikin madubi, duk karkatar da ya yi yana bin tauraro sai ƙarfe ya ɗan lanƙwashe, awon ya tashi a banza. Iska ta fi ɓarna: matsinta ya sauya da miliba 1, kusan kashi ɗaya cikin dubu na matsin iskar da muke shaƙa, sai layukan su goce kamar tauraron ya motsa da kusan mita 100 a daƙiƙa. Shi ya sa aka zuƙe ta, aka tsayar da zafin a digiri 17, ba ya wasa fiye da 0.01.

InjiniyaFayiba: Malam ya gama magana kan tanki, saura zaren gilashin (fayiba) da ke kai haske daga madubi zuwa na'urar. Fayiba biyu ce ke shiga: ɗaya hasken tauraro, ɗaya hasken fitilar gwaji, kamar ta sinadaran toriyom da agon, don a ga gocewar na'urar a daren, a cire. Matsalar fayiba mai bakin da'ira ita ce ba ta gauraya haske sosai. Tauraro ya ɗan kauce daga tsakiya, sai awon ya bi shi. A 2015 aka sauya ta da mai kusurwa takwas. Amma a kula, awon kafin sauyin da na bayansa ba su daidaita ba, dole a lissafa tazarar a kowane tauraro.

Ɗalibin_Fiziks: To za ta iya gano irin duniyarmu?

Mai_Gilashi: Da kamar wuya, ɗan'uwa. ESPRESSO, wata na'ura irinta da ke Paranal a Chile, ita aka ƙera don santimita 10 a daƙiƙa, kuma ko ita, tabon fuskar tauraro da tafasar iskarsa kan haifar da motsin ƙarya da ya fi haka.