Dan Allah ku ba ni shawara, 'yan kwikwiyo biyar nake riƙo kuma ɗaya ta ƙi sakin jiki

'Yar Auta: Salam jama'a, barkanmu da warhaka. Kwana goma kenan aka tsinto wasu 'yan kwikwiyo guda biyar a wani kango, mota ta buge uwarsu, shi ne na ce a kawo min in riƙe su kafin a samu masu ɗauka. Likitan dabbobi ya duba haƙoransu ya ce yanzu za su kai sati 5, ya ba su maganin tsutsar ciki. Huɗu dai lafiya lau, da sun ji motsina sai su taho a guje, amma ƙaramar cikinsu kullum tana maƙale a bayan kwali, in na miƙa hannu sai rawar jiki da gurnani, jiya ma har ta kai min cizo. Ga kuma mutum biyu sun dame ni da waya wai in ba su nasu tun yanzu don su saba da su. In bayar ne ko in jira? Kuma ya zan yi da matsoraciyar nan?

Baban Yara: Kar ki bayar ƙanwata, sai sun cika sati 8 aƙalla. A wasan kokawar da suke yi da juna ne suke koyon rage ƙarfin cizo, in ɗaya ya ciji ɗan'uwansa da zafi sai wancan ya yi ƙara ya bar wasan. Tunda ba uwa, 'yan'uwan ne kaɗai malamansu. Wanda ba zai iya haƙurin sati uku ba ina zai iya da karen da zai yi shekara goma ko fi a gidansa.

Uwar Biyu: Ni dai shawarata ki kulle su a ɗaki kawai, kar kowa ya taɓa su sai an gama alluran rigakafi. Cutar fabo (parvo) mai kashe 'yan kwikwiyo ba wasa ba ce wallahi, na taɓa rasa guda uku cikin sati ɗaya, amai da zawo mai jini, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Mai Kiwo: Allah sarki Uwar Biyu, sannu, tsoronki na kan hanya, ƙwayar fabo tana iya yin watanni a ƙasa ba ta mutu ba. Amma kullewar ma tana da nata illar. Lokacin da kwikwiyo ke karɓar sabon abu ba tare da tsoro ba gajere ne, daga sati 3 zuwa wajen 12 ko 14, alhali allurai ana farawa a sati 6 zuwa 8 ne, a riƙa maimaitawa har sati 16. Kin ga in aka jira a gama, ƙofar ta riga ta rufe, sai a tashi da kare mai tsoron mutane, kuma sau da yawa cizo daga tsoro yake fitowa.

Abin yi shi ne ki kawo musu duniyar cikin gida. Baƙi su cire takalmi a waje su wanke hannu, maza da mata, mai gemu, mai hula, mai sanda, yara ma amma a zaune kuma kina wajen. Su taka siminti, tayil, tabarma, kwali. Su ji ƙarar fanka da blenda da rediyo, a fara a hankali daga nesa. Kullum ki taɓa ƙafafunsu da kunne da baki na ɗan minti ɗaya, ranar da za a yanke musu farce ko likita zai duba su za ki gode min. In za ki fita da su ki ɗauke su a hannu, kar su taka inda karnukan da ba ki sani ba suke kashi.

Ita kuma ƙaramar, daina kai mata hannu daga sama, a wajenta kamar shaho ne ya kawo sura. Ki zauna a ƙasa ki ba ta gefe, ki jefa ɗan abinci kusa da ita, gobe ki rage tazarar, ita za ta zo da ƙafarta. Kar ki jawo ta da ƙarfi, kar ki daka mata tsawa don ta yi gurnani, gurnanin gargaɗi ne, in kika hana ta shi wata rana cizon zai zo ba sallama.

Baban Yara: Na manta, ki riƙa ware kowanne shi kaɗai na minti biyar zuwa goma kullum, in ba haka ba ranar rabuwa kuka zai hana sabon mai shi barci. Kuma kar ki ba mutum ɗaya guda biyu in ba gwani ba ne, shaƙuwa suke da juna su manta da shi.

'Yar Auta: Na gode sosai, Allah ya saka. Na faɗa wa mutanen su jira, ɗaya har ya yi fushi ya ce ya fasa, na ce to madalla. Ɗazu na zauna a ƙasa kusan rabin awa har ƙafata ta yi sanyi, ba ta zo ba, amma ta leƙo ta ɗauki abincin ina kallo ta koma bayan kwalinta. Mai Kiwo, in bar mata kwalin ko in ɗauke?

Mai Kiwo: Bar mata abinta, nan ne mafakarta. Ki dai juya bakinsa ya fuskanci inda kike zama.