Jaridun Rasha da Rikicin Alsas da Loren: Muryar Fada Ce Ko Ta Kansu?

Ɗalibin tarihi: Malamai, ga ra'ayina, a gyara mini idan na yi kuskure. Lokacin da Furusiya, masarautar da ke jagorantar ƙasashen Jamus, ta ci Faransa da yaƙi a 1870 zuwa 1871, ta karɓe Alsas da wani yanki na Loren, jaridun Rasha ba su da wata murya sai ta fada. Sarki Wilhelm na Furusiya kawun Sarki Alekzanda na Biyu na Rasha ne, kuma Alekzanda bai ɓoye murnarsa ba, har lambobin girma ya aika wa kwamandojin Jamus. A ƙasar da ake tace labarai, wa zai saɓa wa sarki?

Tsohuwar 'yar jarida: Ɗana, ka faɗi gaskiya game da sarki, amma ka zalunci jaridun. Dokar 1865 ta ɗauke wa manyan jaridun Mosko da San Fitasbag wajabcin kai rubutu a duba kafin a buga, aka koma yi musu gargaɗi, a na uku kuma a dakatar da jarida. A cikin wannan 'yar ƙofa ce jaridar Golos da Moskovskie Vedomosti ta edita Katkov suka nuna fargabarsu ga ƙarfin Jamus, musamman bayan Sarkin Faransa Napoliyon na Uku ya miƙa wuya a Sedan ranar 2 ga Satumba, 1870, sojojin Jamus kuma suka ci gaba har suka yi wa birnin Faris ƙawanya. Na yi aiki a ƙarƙashin barazanar rufe gidan jarida, na san abin da irin wannan rubutu yake ci wa edita.

Malamin jami'a: Hajiya, na yarda sun saɓa wa fada, sai dai ban yarda tausayin Faransa ne ya sa su ba. Katkov gabar tekun Baltik yake kallo, inda manyan masu filaye a Estoniya da Latbiya ta yau Jamusawa ne a ƙarƙashin mulkin Rasha. Idan harshen Jamusanci ya isa hujjar karɓe Alsas, wace hujja za ta kare birnin Riga na Latbiya gobe? Gemun maƙwabci ne ya kama da wuta, suka shafa wa nasu ruwa.

Ɗalibin tarihi: To, Malam, ai a Oktoban 1870 da Gorchakov, ministan harkokin wajen Rasha, ya yi watsi da sharaɗin yarjejeniyar Faris ta 1856 da ya hana Rasha ajiye jiragen yaƙi a Bahar Aswad, jaridun sun yi maraba, alhali faɗuwar Faransa ce ta ba da damar.

Tsohuwar 'yar jarida: Sun yi maraba, domin ciwon kayen da Rasha ta sha a yaƙin Kirimiya, wanda ya jawo waccan yarjejeniya, bai warke ba. Amma murnar abin da Rasha ta samu ba ta hana su ganin cewa tarar faranka biliyan 5 da aka ɗora wa Faransa da karɓe mata ƙasa a yarjejeniyar Frankfurt ta Mayun 1871 sun bar Rasha da Jamus, maƙwabciyar da ba mai iya taka mata birki a yammacin Turai.