Luka ne ko Timoti ya fi riƙe wa Manzo Bulus amana?

Malamin ajin Lahadi: A nazarinmu na jiya na ce Luka ne abokin Bulus mafi aminci, kuma har yanzu ina kan bakana. A 2 Timoti 4:10-11, sa'ad da Bulus yake ɗaure yana jiran ƙarshensa, ya ce abokin aikinsa Dimas ya yashe shi ya tafi Tasalonika, Luka kaɗai ya rage tare da shi.

Ɗalibar tauhidi: Malam, ka gafarce ni, amma wasiƙar da ka kafa hujja da ita ai Timoti aka rubuta wa, kuma a cikinta Bulus yana roƙonsa ya zo kafin lokacin sanyi, ya taho masa da alkyabbar da ya bari a Taruwasa. Wanda aka bar wa ikilisiyar Afisa ya kula da ita ba za a lissafta shi cikin waɗanda suka gudu ba. Sunan Luka sau uku kawai ya fito a Sabon Alkawari, alhali Bulus ya haɗa sunan Timoti da nasa a farkon wasiƙu shida, ya kuma shaida wa Filibiyawa cewa ba shi da wani kamarsa, domin ya yi hidima tare da shi kamar ɗa da mahaifinsa.

Malamin ajin Lahadi: Ƙanwata, yawan ambaton suna ba ya auna aminci. Luka ya ɓoye kansa ne cikin kalmar "mu" a littafin Ayyukan Manzanni da ya rubuta, kuma da ita muka san yana cikin jirgin ruwan nan mai mutum 276 da ya farfashe da Bulus a gaɓar tsibirin Malta.

Dattijon ikilisiya: 'Ya'yana, idan jirgin ne ma'auni, to Aristarkus Bamakidone ma da shi aka fara wannan tafiya, kuma Bulus ya kira shi abokin ɗauri, amma ban ji ko ɗayanku ya tuna da shi ba. Ni dai na karkata ga Timoti, saurayin Listira da ya yarda aka yi masa kaciya don kada aikin bishara ya gamu da cikas wajen Yahudawa, kuma Ibraniyawa 13:23 ta nuna shi ma ya ɗanɗana kurkuku.

Malamin ajin Lahadi: Baba, na amince da batun Aristarkus, amma kan Luka ban sauka ba tukuna.