Me ya sa NASA ta koma shiga kumbon haya?

Malamin Fiziks, Mabera:
Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wata sakandare nan Sakkwato. Jiya muna darasin roka, wata ɗaliba ta ce: Malam, in NASA, hukumar binciken sararin samaniya, ta gwamnatin Amurka ce, don me take biyan kamfanin SpaceX ya kai mata 'yan sama jannati tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa? Na amsa mata, amma ni kaina ban gamsu ba. Ɗan kasuwa riba yake nema, yaya za a damƙa masa ran mutum?

Injiniya, Arkilla:
Wa alaikumus salam Malam. Ai kumbon gwamnatin ma ya ci rayuka. Challenger ya tarwatse a 1986, Columbia a 2003, mutum bakwai-bakwai. Da suka jingine irin wannan kumbo a 2011, sai da suka yi shekara tara suna biyan Rasha kuɗin kujera a kumbonta Soyuz. A 2014 NASA ta ba kamfanin Boeing kwangilar kumbo ta dala biliyan 4.2, SpaceX kuma 2.6. Kamfani ya ƙera, amma NASA ke gindaya sharuɗɗa, ita ke duba gwaji kafin mutum ya shiga. A Mayun 2020 SpaceX ya fara kai mutum biyu.

Magini, Runjin Sambo:
Malam, wannan ai jinga ce. In ka ɗauke ni aikin yini, kowace rana na ƙara kai ke biya. In muka yanke jinga kuwa, ɓata lokaci da asarar siminti duk a wuyana suke. Haka na fahimci tsadar ta faɗi, don tun Disambar 2015 sashen farko na rokar SpaceX, Falcon 9, ke dawowa ya sauka a tsaye, daga baya aka fara gyara shi ana sake harbawa. Da can jefar da ita ake yi.

Malamin Fiziks, Mabera:
Na gode ƙwarai. Sai dai Alhaji, mai jinga kan yi gaggawa, nan tsorona yake.

Injiniya, Arkilla:
Tsoronka na kan hanya. A Yunin 2024 kumbon Boeing, Starliner, ya samu matsalar injinan juyawa da yoyon iskar hiliyam. NASA ta ƙi yarda ya dawo da mutum biyun da ya kai, ya sauko babu kowa ciki. Na SpaceX ne ya dawo da su a Maris 2025. Ka gaya wa ɗalibarka dalilin ɗaukar kamfani biyu ke nan.