Gida da turken dabbobi a ƙarƙashin kwano ɗaya, zai yiwu a Daura kuwa?

Manomin Daura:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sanin harkar gini ku ba ni shawara. Ina da ƴar gona a hanyar Mai'adua, ina turke shanu huɗu, ga tumaki da awaki sun kusa ashirin, kullum sai na yi sammako a mashin na je na dawo, da dare kuma hankalina ba ya kwanciya saboda kun san yadda satar dabbobi ta zama. To kwanaki yarona ya nuna mani wani irin gini a YouTube da ake yi a Amurka, musamman wajen Texas, ƙaton gini na ƙarfe kamar sito, kwano ɗaya ya rufe komai, gefe guda dawakai da tarakta, gefe guda falo da ɗakuna da kicin, wai bandominiyom suke ce mashi. Wallahi abin ya shiga raina. Ina so in yi irinshi in kwashe iyali mu koma can, harawa da dusa su ma a ciki. Zai yi a yanayinmu? Ko akwai abin da za a canja?

Tsohon Magini:
Wa alaikumus salam Alhaji. Na fi shekara 30 ina riƙe da cokalin gini tsakanin Katsina da Daura, gaskiya ɗaya zan faɗa maka, in ka yi bango da kwano ka yi rufi da kwano to gidan burodi ka gina ba gidan kwana ba. Ka tuna watan 4 da watan 5 a nan, zafi na wuce 40, ko shagon kwantena ka shiga da azahar ka san abin da nake nufi. Su can suna fesa wani abu kamar soso a cikin bangon, sannan ga na'urar sanyaya ɗaki dare da rana, kai kuma a gona wace wutar za ta ja maka wannan?

In dai ɗakin kwana ne, bulo inci 9 ko tubalin jar ƙasa mai kauri. Mutane na raina ƙasa yanzu amma je ka hasumiyar Gobarau a Katsina ka gani, ɗaruruwan shekaru tana tsaye, kuma duk wanda ya taɓa kwana a soro na azara ya san da rana sanyi gare shi, da hunturu kuma ɗumi. Aikinta dai yaɓe kafin damina da gyaran indararo. Kwanon kuma a ɗaga shi sosai, a bar iska tana ratsawa tsakaninshi da silin, kada a like ko'ina.

Ɗan Katsina a Jamus:
Baba magini ya faɗi gaskiya, bari in ƙara wani abu da na gani da idona. Haɗa mutum da dabba a rufi ɗaya ba Amurkawa suka fara ba, a arewacin Jamus da Holan akwai tsofaffin gidajen manoma, wasu an mai da su gidan tarihi, ka shiga ta ƙatuwar ƙofa, shanu da dawakai hagu da dama, can ƙurya murhu da wurin kwanan mutane, ciyawa kuma a sama. Dalilinsu sanyi ne. Jikin saniya na fidda zafi, ciyawar da ke sama ta riƙe ɗumin, kuma ba sai ka fita cikin ƙanƙara ba ka ba su abinci. Wato ginin amsa ce ga tambayar da mu ba a yi mana ba, mu zafi muke gudu, Alhaji kuma yana so ya kawo shanu huɗu su ƙara mashi.

Ko a Amurkan ma ba iri ɗaya suke yi ba. Jihohin arewa irin su Minnesota rufin tsaye yake sosai don dusar ƙanƙara ta zame, in ta taru nauyinta na iya karya ƙarfe, kuma sai an haƙa fandisho ya wuce inda ƙasa ke daskarewa. Wajen Florida guguwa ce damuwarsu, suna ɗaure rufi da bango da ƙarafa har ƙasa. Texas da ka gani baranda mai faɗi suke yi da kwano mai haske. Abin da za ka ɗauko daga can shi ne barandar da ɗaurin rufin, sauran ka bar masu kayansu.

Maman Ƴan Biyu:
Ni dai ta ɓangaren mata zan yi magana tunda ku maza gini kawai kuke gani, mu ne ke wuni a gidan. Alhaji ka tambayi Hajiya kuwa? Mun taɓa zama gidan haya da turke jikin tagar ɗakina, watan 8 in ruwa ya zauna, kashin shanu ya jiƙe, warin da ƙudan ba a magana, abinci ba ya ajiyuwa a buɗe, ga sauro, ga kaska har kan yara. Sannan harawa a ɗaki ɗaya da kicin?? Da hunturu tartsatsi ɗaya ya isa, Allah ya kiyaye. Rumbu ma kakanninmu nesa da murhu suke kafa shi.

Malamin Dabbobi:
Hajiya kin riga ni. Ban da wari akwai cuta, tarin fuka na shanu na kama mutum, bakkale, ciwon nan da ke sa dabba ɓari, shi ma haka, musamman in dabba ta yi ɓari aka taɓa da hannu ko aka sha nono ba a dafa ba. Su dabbobin ma rufaffen gini ba ya yi masu daɗi a nan, fitsari ya taru iska ba ta fita sai ka ji tumaki na tari. Rumfa buɗaɗɗiya ta fi, katanga iya ƙugu, ƙasan da ɗan gangara don fitsari ya bi lambatu ya tafi ramin taki, da hunturu a sa zana ta gefen da iska ke bugowa saboda ƴan raguna. Rijiya ko bohol a nesanta shi da turke da masai, kamar mita 30, kuma ya kasance ta tudu. Ni a ganina turken ya koma gabas da gida.

Tsohon Magini:
A'a likita, nan kam ban bi ka ba, gabas fa nan hadari ke haɗowa, iskar farkon damina da ke kwashe kwanukan mutane daga can take tasowa, sai ta ɗebo duk ƙurar turken ta zuba a tsakar gida. Hunturu kuma daga arewa maso gabas yake hurowa, iskar damina ta yau da kullum daga kudu maso yamma. In ka lissafa duka ukun, arewa maso yamma ne wurin da babu wadda za ta kawo maka wari, kuma rumfar ta ɗan tare maka ranar la'asar. Amma fa a duba gangaren gonar tukun, in can ne tudu to magana ta canja.

Shi gidan a miƙe shi gabas zuwa yamma, tagogi su kalli kudu da arewa, bangon yamma kada a yi mashi babbar taga. Kan bangon gabas a ɗaga bulo ya rufe bakin kwano yadda iska ba za ta samu wurin shiga ƙarƙashi ba, katakon rufi a ɗaure shi da rodi cikin linta, ba ƙusa kawai ba, kuma a shafa mashi maganin gara. Ka dasa bedi layi ɗaya tsakanin gida da turke, shekara uku huɗu ka samu inuwa.

Bakatsine a Jos:
Hhh ni da nake Jos sai na ga maganar ta juye, nan watan 12 da dare har bargo biyu muke rufa, masu kaji rufe keji suke da leda suna kunna gawayi. Wana kuma yana Agege a Legas, can ruwa ne da danshi, ginin ƙasa irin namu ba ya jurewa sai da rufi mai dogon baki, kwano mai araha kuma nan da nan ya yi tsatsa, ragunan da yake kaiwa lokacin layya a kan dandamalin katako yake ajiye su don kada kofato ya ruɓe a caɓi. Ƙasa ɗaya fa.

Manomin Daura:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Maman Ƴan Biyu kin kama ni, wallahi ban tambaye ta ba, jiya da na karanta mata sai ta ce ai da ni da shanun za mu tare mu kaɗai. To na haƙura da kwano ɗaya. Sai dai abin da ya sa na fara tunanin tun farko yana nan, ina so in ji motsin dabbobina da dare. Baba magini in na yi gida daban, rumfa daban, duk cikin katanga ɗaya, taku nawa zan bari tsakani? Gonar ta gangara ne ta yamma.

Tsohon Magini:
Madalla, gangaren ya yi maka aiki. Bar taku 25 zuwa 30, ka sa ɗakinka ya zama na ƙarshe ta wajen rumfar, da ƴar ƙaramar taga ta arewa mai raga, ko akuya ce ta yi atishawa za ka ji. Ɗakin harawa shi kuma can bayan rumfa. Ka fara da rumfar da katanga yanzu da rani, bulo ya samu ruwa sosai ya bushe, ɗakuna su biyo baya in an sai da shanun sallah.