Idon kyanwata na hagu ya canza, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman likitocin dabbobi. Yau kwana 12 ke nan da idon kyanwata na hagu ya canza. Baƙin tsakiyar idon ya ƙanƙance, fatar ido ta sama ta ɗan sauko, idon kamar ya shige ciki, sannan wata farar fata ta taso daga gefen hanci ta rufe kusan rabinsa. Tana gani, tana cin abincinta, babu hawaye babu kwantsa. Da dare bambancin ya fi fitowa, don baƙin idon dama yana buɗewa sosai, na hagu kuwa ya ƙi.

Likitan da na kai ta wurinsa ya ce ciwon Horner ne. Wai jijiyar da ke buɗe baƙin ido tana saukowa daga ƙwaƙwalwa ta bi laka har ƙirji, ta hauro ta wuya, ta ratsa tsakiyar kunne kafin ta isa ido, kuma duk inda ta lalace a hanyar sai ido ya nuna. Don gano inda jijiyar ta lalace, ya ɗiga mata wani maganin ido mai suna phenylephrine, kafin minti 20 baƙin idon ya buɗe, ya ce saurin buɗewar ya nuna matsalar ta kusa da kunne ce. Dama ta jima tana sosa kunnen nan, ni kuma na ɗauka ƙuma ce.

Na gama ba ta maganin kunnen, susa ta ragu, amma idon yana nan yadda yake. Don Allah in ƙara haƙuri ne, ko lokacin ɗaukar hoton kunne da ƙirji ya yi?